Irin Albasarmu a Cikin Baho

Ruwan bana ya yi yawa. Tun tsakiyar damina gulbi ya haura gaɓa ya kwanta a fadamar Fagada, ya ƙi tashi. Mu muna Jega, Sabon Gari, gidan ɗanmu Bello, inda muka dawo tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam, maigidana. Labarin gona sai dai a kawo mana. Ƙanensa Manu ke riƙe da ita yanzu, shi ke zuwa ranar kasuwa ya zauna bakin tabarma ya faɗa wa yayansa abin da ake ciki.

Sau biyu Manu yana yafa irin albasa a gefen tudu don ya samu dashe, sau biyu ruwa na biyo dare ya share wurin. Zuwansa na ƙarshe ko takalmi bai cire da kyau ba.

"Yaya, ruwa ya ci."

Malam ya daɗe yana haɗa maganar a bakinsa. "Na biyun?"

"Na biyun ma. Ko tsinke bai bari ba. Kawunan da munka ware don iri, su ma ruwa ya iske su cikin rumbu, sun zama kunu."

Ni ke ajiyar irin gidanmu tun rasuwar uwar Malam. Ƙanwar babana ce, shi ya sa Gwaggo nake ce mata. Albasarta ja ce mai duhu, mai tauri, mai siririn wuya. Ba ta girman da ake yayi yanzu, amma takan kai damina a rumbu ba ta ruɓe ba, lokacin da ta kowa ta ƙare. Dillalan Aliero da hannu suke gane ta. Maƙwabtan da muka taɓa ba su sun daɗe da komawa irin gwangwani mai saurin nuna. Na shiga ɗaki na zazzage 'yar gorar da nake ajiye irin a hannuna. Abin da ya rage bai rufe tafina ba. Kuma irin albasa ba gero ba ne, ba ya jiran baɗi. In bai shiga ƙasa bana ba, a cikin gorar zai mutu. Ga fadama cikin ruwa, ga tsakar gidan Bello siminti ne tun daga zaure har bakin madafi.

Autata Luba ta karanci noma a Aliero, tana aiki a Birnin Kebbi, sai ƙarshen wata muke ganinta. Da ta zo ta iske ni da gorar a cinya, ta ce akwai yadda ake renon shuka ba ƙasa, cikin ruwa kawai, a narka mata abincinta a ciki. In dashen ya isa, lokacin ruwa ya janye, sai Manu ya kai fadama.

Na ce, "Ke Luba, albasa ce hwa, ba kainuwa ba."

"Inna, ko kainuwa wani ya koya mata? Zo ki gani."

Ta zauna kusa da ni ta buɗe waya. Dabara ta farko da ta nuna mini bututu ne fari mai huji-huji, shuka na zaune a kowane huji, ɗan inji na kewaya da ruwa ta ƙarƙashinsu. Ya yi kyau a ido. Bello na tsaye a kanmu, ya ce, "Wanga sai garin da ad da wuta. Nan kwana nawa rabonmu da ita?" Luba ta ce in injin ya tsaya wuni guda cikin zafin kaka, an gama. Muka wuce wannan.

Ta biyu ita ta kwanta mini. Tsumma ake yi wa lagwani kamar na fitilar ƙwai, gindinsa cikin ruwa, kansa cikin ƙaiƙayin shinkafa inda irin yake, yana jawo ruwan a hankali. Na san lagwani, na san halinsa. Amma Luba ta ce ba ya jan ruwa da sauri, a zafin nan dashen zai tashi a tsumbure, kafin ya isa cira lokacin dasawa ya wuce. Ta ce ga ta uku: baho cike da ruwan taki, a ɗora kwandon roba mai faɗi a bakinsa, a zuba ƙaiƙayi a yafa iri. Saiwa za ta huda kwandon ta sauka ta sha da kanta. Ba wuta, ba inji, ba ban-ruwa.

Bello ya ce a raba irin, rabi lagwani rabi baho. Na ce rabon ne ya kawo mu nan, Manu ya raba sau biyu gulbi ya cinye. Abin da ya saura bai kai a raba ba. Suka dube ni, don a hannuna gorar take. Na ce a yi bahon.

Malam na kan tabarmarsa duk wannan lokaci. Tun da ciwon ya same shi mun saba magana ta saman kansa. Ba raini ba ne. Harshensa ne ya yi nauyi, kafin ya haɗa kalma guda an wuce wurin. Na ji ya fara cewa wani abu, amma Bello ya riga ya fita neman ƙaiƙayi wurin masu injin casa.

A madafi Luba ta ja mana kunne, ni da matar Bello. "Abu guda, Inna. Kada a ƙara ruwa. Zai riƙa raguwa, ku bar shi. Saiwa na bin shi ƙasa, sararin da ya rage tsakani nan take shan iska. In anka cika shi an shaƙe ta." Matar Bello ta gaya wa yara, duk wanda ya taɓa baho zai ga abin da zai gani.

Da yamma aka jera bahuna uku a inuwar katanga. Ina wanke hannu na ɗaga kai na gan su a jere. Na taɓa ganin jeri irin wannan, a wata katangar, ta ƙasa, shekarar da ruwa ya ɗauke.

Ina da cikin fari a lokacin, muna Fagada, ni da Malam da Gwaggo. Bazara ta yi tsawo har mutane suka gaji da duban gabas. Aka yi bizne, aka zuba gero cikin busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa ya iske shi. Ruwa guda ya sauka mai ƙarfi, da ƙamshin ƙasa har cikin ɗaki, yara na tsalle tsirara a bakin hanya. Gero ya tsiro. Daga nan sama ta rufe bakinta. Tsiron ya naɗe kamar an gasa shi, aka sake shuka da irin aro, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Kullum la'asar hadari zai haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso mai sanyi, mu kwashe shanya mu jera tukwane a bakin indararo. Sai ya yi ta rugugi ya watse. Mu mayar da tukwanen ba mai duban wani. Maza suka fita roƙon ruwa da riguna a juye, har da tsofaffin da ake riƙe wa hannu. Lokacin marka ya zo ya wuce, rana ce kawai, fara fat, wadda in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawa.

Abin da ya kai ga fid da kai a gona, in ka murza zangarniyar a hannu ƙaiƙayi ne. Rumbu ya sauka har muna jin ludayi na kankarar gindinsa. Tuwo ya koma sau ɗaya, da dare, daga baya ya koma kunu. Da rana tafasa ce ko rama, a dafa a matse a barbaɗa gishiri, in an samu ƙuli-ƙuli ranar salla ce. Dusar da muke ba awaki muka koma tankaɗewa. Garin rogo ya shigo kasuwar Jega daga kudu, muka koyi jiƙa shi ya kumbura don ya cika ido. Ni ga ciki, yunwa na tashe ni kafin kiran salla, bakina ɗaci, in tauna ɗan gabu, busasshen lawashin nan da ake dunƙulewa don miya, in sha ruwa in kwanta. Samari suka watse cin rani tun kaka ba ta yi ba. Malam ma ya ɗaure kayansa. Gwaggo ta ce, "In ka tahi, wa ka ɗauko ma iri ruwa?" Ya kwance kayan.

Don gulbi ma ya tsaya. Ya rabu gida-gida, ya koma kududdufai masu warin mataccen kifi, laka ta tsattsage har ƙafar yaro na shigewa. Wurin da ake renon albasa kowace shekara ya zama kamar dutse. Gwaggo ta ce to a gida za a rene ta. Ta tattaro duk abin da ya fashe: gindin tulu, kaskon tuya, tsohon turmi da ya tsage, kwanon da ya huje, sakainar ƙwarya. Muka cika su da ƙasar turken awaki, muka jera a gindin katanga, ta yafa irin da yatsu uku tana motsa baki.

Daga ranar gidan ya koma bautar waɗannan kasake. Malam kan fita da assalatu da garwa biyu a sanda, ya tafi inda aka haƙa rami cikin yashin gulbi. Ruwan na tsattsafowa ne kamar hawaye, sai ka durƙusa da ƙoƙo ka jira ya taru, ga layi a bayanka. Hantsi yake dawowa, kafaɗarsa ta saɓule har ta yi kanta. Garwa ɗaya ta sha da girki, ɗaya ta iri. Ba ta isa. Sai Gwaggo ta kafa doka: ba mai yin alwala a gidan sai a kan kasko. Ka tsuguna ka wanke fuska da hannu, ruwan ya zuba kan tsiro. Ruwan wankin hatsi, ruwan ɗauraye kwano in ba sabulu, duk can. Matan maƙwabta suka ji, suka riƙa shigowa da butocinsu lokacin azahar, kowace ta zaɓi kaskonta, a kan za a ba ta ɗan dashe in Allah ya raya. Akwai wata mai barkwanci da kan ce, "Gwaggo, nawa ya hi na kowa kore, alwalata ta hi karɓuwa." Gwaggo ta ce, "Taki ta hi tsawo dai, ke da ba ki gama wanke ƙahwa sai an sallame." Mu yi dariya da cikin da ba komai.

Rana na take tsaka mu rufe su da zana, la'asar mu buɗe. Dare kuma a kai su ɗaki saboda awaki, don su ma yunwa ta sa sun koyi haura katanga. Gwaggo ba ta wuce kasko ba ta tsoma yatsa ba.

Sai zazzaɓi ya kayar da Malam. Ya kwana biyu bai san inda yake ba. Ni ciki ya tsufa, na gwada garwar na kasa ɗaga ta daga ƙasa. Abin da maƙwabta suka taimaka da shi muka sha muka jiƙa masa goshi. Ranar da ya tashi ya fito yana dafa bango, ya iske fiye da rabin kasaken sun kwanta, tsiron ya zama kamar gashin masara. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta tsoma yatsa a kaskon farko, ta fid da shi da ƙura, ta dube shi, ta shige ɗaki. Malam ya tsaya a wurin. Sannan ya ɗauki sandarsa da garwa, jikinsa na rawa, na yi ta kiransa bai waiwayo ba.

Abin da ya tsira muka dasa a bakin kududdufi mafi zurfi, fangali kaɗan na ban-ruwa, Malam na jan ruwa da jigo har ruwan ya koma taɓo. Muka cire albasar da ba ta cika buhu ba. Lokacin na riga na haihu, ba nono sosai. Gwaggo ta zaɓe kawunan da suka fi kyau ta rataye a ɗakinta, muna kallonsu muna shan kunun dusa ba miya. Ba wanda ya taɓa ko ɗaya. Su aka mayar ƙasa suka yi fure, daga su duk albasar da gidanmu ya ci ya sayar ya aurar da 'ya'ya ta fito. Malam kuwa tun daga shekarar bai iya wuce abu da ruwansa ya yi ƙasa. Randa, buta, kaskon kaji, sai ya cika. Har tsiya nake masa a kai.

To, bana irin ya tsiro a baho, ba ƙasa ko ƙwaya. Ya fito a lanƙwashe kamar ƙugiya, sannan ya miƙe da ɗan baƙin ɓawonsa a ka. Na kira matar Bello ta gani. Malam ya nuna da hannunsa mai lafiya a matsar masa da tabarma kusa da katanga. Can ya koma wuni, can yake alwala, can yake jan carbi. Na ga fuskarsa ta saki yadda ban gani ba tun kwanciyarsa, har abinci ya ƙara ci.

Nakan ɗaga gefen kwando in leƙa. Saiwoyi farare sun fara saukowa, ruwa na nan a bakinsa. Luba ta kira ta ce, "Ya hwara raguwa?" Na ce yana nan yadda ta bar shi. Ta ce wataƙila don suna ƙanana ne, ba su fara sha sosai ba. Ni kuma na ɗauka albarka ce.

Cikin haka jikata ta haihu a Liba, can wajen Maiyama, na tafi na zauna mata har suna. Ranar da na dawo, tun daga zaure na ji warin. Warin lakar gulbi ne na waccan shekarar, ban taɓa manta shi ba. Kan tsiron ya yi rawaya, wasu sun kwanta a kan ƙaiƙayi, ƙaiƙayin ya jiƙe sharkaf. Na kira Luba, ta biyo motar safe.

Ta ɗaga kwandon farko. Saiwoyin sun koma ruwan ƙasa, suna yauƙi, tana taɓawa suna saɓulewa a yatsunta. Ruwa kuwa har baki, yana taɓa gindin kwando.

"Wa ya ƙara ruwa?"

Matar Bello ta rantse. Yara suka rantse har da kuka. Bello ya ce shi rabonsa da wurin tun ranar da aka jera. Luba ta ce ruwa ba ya haihuwa, wani ya zuba. Muka shiga ɗaki muka zauna, labule a ɗage.

Aka kira azahar. Muna kallo Malam ya jawo butarsa ya yi alwala da hannu ɗaya, a hankali, yadda ya koya tun ciwon. Da ya gama ya dafa sanda ya miƙe, ya ja ƙafarsa zuwa randa. Ya jingina da bango ya cika butar. Ya jawo jiki ya dawo, ruwa na zuba a rigarsa, ya sunkuya kan baho na farko ya tsiyaya a gefe-gefe don kada ya kwantar da tsiro. Ya koma randa. Tafiyar da mai lafiya zai yi taku kaɗan, shi sai da ya huta a tsakiya. Haka ya bi su duka ukun. Lokacin kowa na ɗaki saboda rana, shi ya sa ba wanda ya taɓa gani.

Luba ta yunƙura za ta tashi, na riƙe zanenta.

"Inna, sake ni. Sai an hwaɗa mishi."

"Ki hwaɗa mishi mi?"

"Gaskiya mana. Kullum haka shika yi? Salla biyar?"

"Wa ya gaya mishi kada ya zuba? Ke ko ni?"

Ta zauna. Ta sa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na motsi, ba sauti.

Ta yi iya ƙoƙarinta. Ta zubar da ruwan, ta ɗauraye saiwoyin da suka rage, ta haɗa sabon taki ta bar sarari. Muka ce wa Malam likita ya hana shi ɗaukar buta cike, matar Bello ta riƙa zuba masa ruwan alwala daidai. Amma ruɓa ta riga ta hau wuya. Kowace safiya in iske wasu sun kwanta. Kafin mako ya kewayo ba sauran kore a kwando ko ɗaya. Na tona ƙaiƙayin da yatsa ko akwai ƙwayar da ta yi nauyin tsirowa. Babu.

Manu ya zo ranar kasuwa da fara'arsa. Ya ce ruwa ya janye, ya bar laka baƙa mai kauri, rabon fadama da irin wannan ƙasa an daɗe. Ya gyara fangali, dashe kawai yake jira. Na kai shi gindin katanga na nuna masa. Ya cire hula ya mayar. Ya ce to, bari ya bi ta Aliero kafin masu dashe su tashi, ko na gwangwanin ne a samu. Bai iya zama wurin yayansa ba ranar, daga tsaye ya yi sallama.

Da la'asar na dama kunu na kai wa Malam. Yana zaune inda ya saba, yana duban wurin da bahunan suke, matar Bello ta riga ta wanke su ta kai madafi. Na durƙusa na ajiye kwanon. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, bakinsa na motsi. Wannan karon na jira shi har ya haɗa.

"Na yi... iyakar yi na."

Na ce, "Na sani, Malam."

"Hannu guda ne. Buta guda nika iya ɗauka." Ya numfasa, idonsa ya kawo ruwa. "Bai ishe su ba."

Na mayar da idona kan kwanon. Na ce, "Kununka na hucewa." Na ɗaga kwanon na riƙe masa, ya sha.